Daga Landan: Ina Sunayen 'Yan Bama?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin Nuwamba ne ya sauka a Landan, hannuna har ya ƙage a kan kyamara. Kun ga jan furen nan da kowa ya maƙala a ƙirji? Na tunawa da sojojin da suka mutu ne. Ranar 11 ga wata da ƙarfe 11 na safe ana yin shiru na minti biyu, domin a daidai lokacin ne aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918.

Inda nake tsaye ana kiransa Memorial Gates, daf da fadar Buckingham. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi a 2002 don karrama mutanen Indiya da Afirka da Karibiyan da suka yi wa Ingila yaƙi. Bari in matso ku gani. An sassaƙa Indiya, Pakistan, Bangladesh, Sri Lanka, kowace da sunanta. Mu kuwa, daga Kano har Nairobi, an dunƙule mu a wuri ɗaya: Afirka. Ni dai abin bai kwanta mini ba.

Kakanninmu fa ba kallo suka je yi ba. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashi runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jirgin ruwa, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka har Bombay, daga nan aka tura su dajin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, su kara da Japanawa. 'Yan Arewa sun yi yawa a ciki, har Hausa ta zama harshen bariki, hafsoshi Turawa ma sai da suka koya. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Sauran aikin kuwa a ka ake yinsa. Akwai dubban 'yan dako da ke tafe da akwatunan harsashi a ka, suna hawan tsaunuka cikin ruwan sama da taɓo, matsattsaku na shan jininsu, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni. Da yawansu ko bindiga ba su riƙe ba. In ana maganar jarumta, waɗannan nake fara tunawa. Wasu bataliyoyi uku na Najeriya kuma aka sa su cikin rundunar Chindit, masu kutsawa bayan abokan gaba a 1944. A Janairun 1945 runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta shiga garin Myohaung.

To 'yan Kaduna, kun san barikin Kalapanzin da na Dalet? Kalapanzin kogi ne a Bama, Dalet ma wuri ne a can. 'Yan Zariya, ga barikin Chindit a garinku. Har Dodan na Legas, inda shugabannin mulkin soja suka zauna, daga can sunan ya fito. Kullum muna wucewa a Keke Napep, ba mai tambaya.

Da aka gama yaƙi, kuɗin sallamar da aka ba baƙin soja bai kai rabin na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. Wasu ma ba su dawo ba, sunayensu na jikin bango a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

In a gidanku akwai tsohon da ake ce wa ɗan Bama, ku tambayi iyaye cikakken sunansa da garinsu, ku turo mini. Yanzu zan gangara tashar Green Park in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Brixton, inda aka kafa wani dutsen tunawa da sojojin Afirka da Karibiyan a 2017. Mu je ku gani.