Groot Constantia: Inabi, Iskar Teku da Girkin Malay

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau Afirka ta Kudu muka nufa, bayan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke tsaye a kan birnin Cape Town. Can a gindin duwatsun akwai wani kwari mai suna Constantia, inda gonar Groot Constantia take. Gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, shi ya kafa ta a 1685, kuma duk ƙasar babu gonar giyar inabi da ta girme ta.

Na san akasarin masu kallonmu ba sa kusantar giya, addini ya hana. Amma ku ɗan dakata mini, domin labarin gonar nan akwai noma a ciki, akwai girki, kuma akwai Musulmi a tsakiyarsa.

Ku dubi taswirar nan. Teku ta gabas, teku ta yamma, gonar tana kwance a gangaren dutse tana fuskantar mashigin ruwan False Bay. Shi inabi, idan zafi ya yi masa yawa, nuna yake yi a gurguje: sukari ya cika shi, tsami da ƙamshi su gudu. A nan kuwa sanyin teku ne ke rage wa rana kaifi, sai 'ya'yan su nuna sannu a hankali. Ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta, kuma ƙasar, wadda narkakken dutse ce mai haɗe da yumɓu, tana riƙe laima har cikin rani. Sai kuma iskar kudu maso gabas da mutanen wurin ke kira Cape Doctor. Tana kaɗawa da ƙarfi har ta karya reshe, amma ita ke busar da ganye ta hana fumfuna kama gonar. Girbi kuma daga Fabrairu zuwa Maris ake yin sa, wani lokaci har ya taɓa Afrilu, tun da yanayinsu da namu a juye suke.

To wane irin inabi suke shukawa? A saman gangare, inda ya fi sanyi, akwai Sauvignon Blanc, farin inabi mai kaifin tsami da ƙamshin ɗanyen ganye. Shi ne sunan kwarin ya fi tafiya da shi a yau. Akwai Chardonnay da Semillon. Ƙasa-ƙasa inda rana ta fi zama, sai baƙaƙen: Shiraz, Merlot, Cabernet Sauvignon, waɗanda duk daga Faransa aka kawo irinsu. Ɗan gida ɗaya ne a cikinsu, wato Pinotage. Wani farfesa a Jami'ar Stellenbosch, Abraham Perold, shi ya yi auren iri tsakanin Pinot Noir da Cinsaut a 1925, aka samu wannan. Har gobe masana ba su daina gardama a kansa ba, wasu su yabe shi, wasu su ce ƙaurin hayaƙi yake yi.

Abin mamaki, ruwan da ke cikin baƙin inabi ba shi da launi. Ɓawon ne ke rina shi idan aka bar su tare a ganga suna tsimuwa, kuma daga ɓawon da ƙwallon ake samun bauri, irin wanda goro ke bari a harshe. Ku riƙe wannan baurin, za mu dawo kansa a wajen abinci.

Sai dai abin da ya kai sunan Constantia fadojin Turai ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Inabin Muscat ne, wanda ba a tsinke shi idan ya nuna. Barin sa ake yi a jikin kuranga har ya yamushe, ya kusa zama zabibi. Ruwan ya tafi, zaƙin ya taru. Idan aka matsa, ɗan kaɗan ake samu, mai kauri, launin zuma. Iyalan Cloete, da suka sayi gonar a 1778, su suka ƙware a kansa, har sarakunan Turai suna aikowa a saya musu. Napoleon ma, lokacin da Ingilishi suka tsare shi a tsibirin Saint Helena, giyar Constantia ake kai masa har ya mutu a 1821.

Daga nan kasuwa ta juya baya. Cutar fumfuna ta shigo, Ingila ta janye rangwamen harajin da take yi wa giyar Cape, wato yankin da Cape Town take, sannan wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya iso a 1886. Gwamnati ta riga ta sayi Groot Constantia a 1885. Giya mai zaƙin nan ta ɓace kusan shekara 100, sai a 1986 maƙwabciyarta Klein Constantia ta farfaɗo da ita da sunan Vin de Constance. Ita Groot Constantia tana kiran tata Grand Constance.

Yanzu mu shiga kicin. Masu sana'ar giyar inabi suna da ƙa'ida wajen haɗa giya da abinci, kuma ba a kan son rai kawai take ba. Tsami yana yanka maiƙo, shi ya sa suke ajiye Sauvignon Blanc kusa da gasasshen kifin snoek. Bauri kuwa kitse ke kwantar da shi, don haka Pinotage da Shiraz na naman rago ne da aka gasa a garwashi. Mai zaƙin a ƙarshe take zuwa, da cuku mai gishiri ko busassun 'ya'yan itace. Inda lissafin ke rikicewa shi ne wajen yaji. Barkono da bauri ba sa jituwa, kowanne ƙara wa ɗan'uwansa zafi yake yi. Shi ya sa da zarar an kawo girkin Malay, wato abinci mai yaji na mutanen da ake kira Malay na Cape, sai su koma farar giya mai ɗan zaƙi-zaƙi, irin ta Chenin Blanc, inabin da aka fi shukawa a Afirka ta Kudu baki ɗaya.

Ga kwanon nan a gabanku, bobotie sunansa. Niƙaƙƙen nama ne da aka soya da albasa, kori, kurkum da zabibi, aka kwarara masa ƙwai da madara a sama aka gasa har ya yi ja. Da shinkafa rawaya ake ci. Gidajen abinci na gonakin inabi suna tinƙaho da shi, amma a hannun mutanen da ake kira Malay na Cape ya samu wannan ɗanɗanon. Jikokin bayi ne da fursunonin siyasa da kamfanin kasuwancin Holan mai mulkin Cape a wancan lokacin ya kwaso daga tsibiran Indonesiya, Indiya da gabashin Afirka. Yawancinsu Musulmi ne, kuma su da shayi ko ruwan sanyi suke kora nasu bobotien. A ganina duk mai ba da labarin kwarin nan ya tsallake su, rabin labari ya bayar.

Tun a shekarun 1660, kafin a kafa gonar, Turawan Holan sun koro wasu manyan Musulmi daga Sumatra zuwa dajin Constantia. Hubbaren ɗaya daga cikinsu, Sheikh Abdurahman Matebe Shah, yana nan a bakin gonar Klein Constantia, kuma mutane na zuwa ziyara har yanzu.

Su wa suka yi huɗa, suka yi sassabe, suka tattake inabin da Napoleon ya sha? Bayi. An soke bauta a Cape a 1834, amma sai 1838 aka sake su. Bayan haka gonaki da dama a yankin suka ci gaba da wata al'ada da ake kira dop: a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, kullum, safe da yamma. Doka ta haramta hakan a 1960, amma a wasu gonakin sai da ya kai shekarun 1990. Sakamakonsa bai gushe ba, domin wasu garuruwan manoman inabi na Yammacin Cape suna cikin wuraren da aka fi samun jarirai masu lalurar ƙwaƙwalwa a duniya, sanadiyyar giyar da uwa ta sha tana da juna biyu.