Kafin uwa ta san tana da ciki, hannu ya fara tsirowa

Binta: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Sani ya zo da tambayar da ta hana shi barci.

Sani: Wallahi, Yaya Binta. Jariri ne na gani da cindo, yatsa na shida a gefen ɗan ƙaramin yatsansa, sai na shiga tunanin waɗanda ake haifa hannu bai kai ba, ko yatsu a manne. Me ke jawo haka?

Binta: Fara da lokaci. Wajen ƙarshen mako na 4 da shigar ciki, wani ɗan tsiro ke fitowa a gefen ɗan tayi, bai kai kan allura ba. Zuwa mako na 8 an gama fasalin hannu da ƙafa. Da farko tafin kamar faifai yake, babu tsaga. Sai ƙwayoyin halittar da ke tsakanin yatsu su mutu da kansu, yatsun su rabu.

Sani: Ikon Allah! Wato sassaƙa ake yi. In ba su mutu ba, a haifi yaro da yatsu a manne?

Binta: Ka gane. Kuma a makonnin nan mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ɗora wa uwa laifi.

Sani: To, ina aka samo wannan lissafin na kwanaki?

Binta: Wani ɓangarensa daga masifa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar da maganin thalidomide a 1957, masu laulayi suka yi ta sha don tashin zuciya. Jarirai sama da 10,000 aka haifa da naƙasa, wasu tafin hannun a kafaɗa yake. A 1961 likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya, suka danganta abin da maganin. Da aka bi kwanakin da iyayen suka sha, sai aka ga ɓarnar ta taru tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar ciki. Hannu na riga ƙafa lalacewa, don shi ke fara tsirowa.

Sani: Amurka fa?

Binta: Frances Kelsey, wata likita a hukumar magungunansu, ta ƙi sa hannu a sayar. Amma yadda maganin ke ɓarnar, sai 2010 masu bincike a Japan suka gano furotin ɗin da maganin ke maƙalewa a cikin jiki, sunansa cereblon.

Sani: Kusan shekara hamsin! Amma ai ba kowa ya sha magani ba.

Binta: Sosai. Akwai na gado: cindo kan bi dangi, kuma ƙwayar gado TBX5 in ta samu matsala, hannu da zuciya take taɓawa tare. Akwai zaren da ke ɓallewa daga jakar ruwan da ɗan tayi ke ciki, ya naɗe yatsa kamar igiya har jini ya daina kaiwa. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba ma yana ƙara haɗari.

Sani: Na tuna Faransa, 2018, da aka yi ta surutu kan jariran da aka haifa ba hannu a yankunan Ain da Morbihan.

Binta: An zargi maganin feshin gona, an kafa kwamitin ƙwararru, suka duba, ba su sami dalili ɗaya da ya haɗa yaran ba. Iyayen ba su ji daɗin amsar ba.

Sani: Ni ma da ni ne, ba zan ji ba.