Wa Ke Riƙe da Makulli? Lacca Kan Jagoranci a Gidajen Tsare Yaran Aborijin a Ostareliya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyaye, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Na can baya, in murya ba ta isowa ku ɗaga hannu. To, madalla.

Yau Ostareliya za mu, wajen mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar lokacin da jiragen Ingila suka sauka a 1788, wato Aborijin da 'yan tsibiran Torres. Harsunansu a wancan lokaci sun haura 250. A yau, cikin yaran ƙasar 'yan shekara 10 zuwa 17, nasu kusan 6 ne cikin 100. Amma ka shiga gidajen tsare yara, sama da rabin waɗanda ke ciki su ne. A Yankin Arewa, inda birnin Darwin yake, kusan duka su ne. Kuma galibinsu ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, wasu don kawai ba a sami gidan da alƙali zai yarda ya ba da belinsu zuwa can ba.

Tambayata a yau ƙarama ce. Mutumin da aka damƙa wa irin wannan gida, me ake nufi in an ce yana jagoranci da sanin al'adar yaran?

Kafin amsa, sai mun san abin da iyayen yaran ke gani in motar gwamnati ta tsaya a ƙofar gida. Tun wajen 1910 har zuwa shekarun 1970, hukumomi na raba yaran Aborijin da iyayensu da ƙarfin doka, a kai su gidajen mishan ko a ba Turawa riƙo, a hana su harshensu. Rahoton da ya tona wannan ya fito a 1997, sai a ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa. Kakar yaron da ke tsare yau, mai yiwuwa ita ce yarinyar da aka ɗauke jiya. Duk shugaban gidan tsaro da ya aika mata takarda ta zo taro, ya ga ba ta zo ba, ya rubuta a fayil cewa iyali ba su damu ba, to bai san inda yake aiki ba.

Kuma ba a rasa gargaɗi ba. Babban kwamitin binciken da ya duba mutuwar Aborijin 99 a hannun hukuma ya miƙa rahotonsa a 1991 da shawarwari 339, cikinsu har da cewa kulle mutum ya zama mataki na ƙarshe. Shekara 25 bayan nan, a watan Yulin 2016, tashar talabijin ta ƙasar, ABC, ta nuna wa duniya abin da ke faruwa a gidan tsare yara na Don Dale da ke Darwin. An ga yadda a 2014 aka harba barkonon tsohuwa a sashen da aka killace yara shida, alhali ɗaya ne kaɗai ya fito daga ɗakinsa, sauran suna kulle. An kuma ga wani matashi a Alice Springs an ɗaure shi a kujera, an rufe masa kai da hular hana tofa yawu. Washegari Firaminista Malcolm Turnbull ya sanar da sabon kwamitin bincike. Margaret White da Mick Gooda suka jagorance shi, shi Gooda ɗan Aborijin ne, kuma sai da mutane suka yi ca kafin aka sa ɗan ƙasa a kujerar. Rahoton 2017 ya ce a rufe Don Dale, a ɗaga shekarun da ake iya gurfanar da yaro daga 10 zuwa 12. Yankin Arewa ya ɗaga a 2023. Sabuwar gwamnati ta hau a 2024, ta mayar da shi 10.

Yanzu mu shiga cikin gidan, nan ne maganar take.

Gandiroba sabon ɗauka, ɗan birni, ya tsayar da yaro daga ƙauyen hamada yana masa faɗa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Gandiroba ya ce dube ni ina magana. Ya ƙi ɗagowa. Sai a rubuta taurin kai, a rage masa maki, a hana shi fita wasa. Mu nan ba ma buƙatar a yi mana bayani: ɗan da ya ƙura wa babba ido shi muke kira fitsararre, kuma mun san kunyar surukai. A yawancin al'ummun Aborijin haka abin yake, har ya fi namu tsanani, domin akwai dangin da mutum ba ya zama ɗaki ɗaya da su, ba ya ambatar sunansu. Wanda ke raba ɗakuna bai san wannan ba, sai ya haɗa waɗanda bai kamata su haɗu ba, rigima ta tashi, a ce yaran ne ba sa ji.

Akwai kuma abin da masana harshe irin su Diana Eades suka daɗe suna jan hankalin kotuna a kai. Ka jero wa yaro tambayoyi da muryar hukuma, zai riƙa cewa e, e, e. Bai yarda ba, wataƙila ma bai gane ba. Hanyarsa ce ta sallamar mai iko a rabu lafiya. Ingilishi a wajen wasunsu harshe na uku ne ko na huɗu. Ƙara da ciwon kunne da ke addabar yaran ƙauyukan tun suna goye, wanda ke barin da yawa ba sa ji sosai. A gidan tsare yara na Banksia Hill da ke birnin Perth, jihar Yammacin Ostareliya, likitoci sun auna yara 99, suka wallafa sakamako a 2018: kashi 36 cikin 100 na da lahanin ƙwaƙwalwa da ke samuwa in uwa ta sha giya da ciki, kashi 89 kuma na da aƙalla nakasu ɗaya mai tsanani a fahimta, ko tunawa, ko magana. Mafi yawansu babu wanda ya taɓa gano musu. Yaron da ba ya iya riƙe umarni uku a jere, a takarda mai laifi ne sau uku kafin azahar.

Sai makoki. A wajensu zaman makoki farilla ne na zumunci, yana iya ɗaukar makonni, kuma kowa da rawar da zai taka gwargwadon dangantakarsa da mamaci. Yaro daga yankin Kimberley, can arewacin jihar, da aka kawo Perth yana nesa da gida da sama da kilomita 2,000. Kawunsa ya rasu. Wa zai sa hannu a ba shi izini, wa zai biya kuɗin jirgi da na masu rakiya biyu? A kan teburin shugaba wannan takarda take ƙarewa. Ni a nan nake auna shi, ba a ranar bikin al'ada da ake kiran masu rawa a ɗauki hoto ba. Zanen ɗigo-ɗigo a bangon ofis ba ya cin kasafin kowa. Tikitin jirgi yana ci.

Wannan ya kawo ni ga abin da na zo faɗa. Kusan kowane gida yanzu yana gayyatar dattawa su shigo su gana da yara. Abu ne mai kyau. Amma ku tambaya: dattijuwar nan, in ta ce kada a killace wannan yaro shi kaɗai a daren nan, ɗan'uwansa ya rasu, maganarta tana tsayar da umarni? Ko a ba ta shayi a raka ta ƙofa? In ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci aka kulle kowa a ɗaki, ziyararta ce ta farko da ake sokewa, to baƙuwa ce. Kuma haka ta faru a Banksia Hill, inda ƙarancin ma'aikata ya sa ake kulle yara sama da awa 20 a rana, har Babbar Kotun jihar ta ce hakan ya saɓa doka a 2022. A Oktoban 2023 wani yaro ɗan shekara 16 ya rasu bayan an tsare shi a wani sashe na kurkukun manya na Casuarina. Ba zan ambaci sunansa ba, al'adar da yawa daga cikinsu ke nan game da mamaci.

To ina aka ba su makullin, kuma me ya faru?

A Yuendumu, garin ƙabilar Warlpiri a Yankin Arewa, shaƙar fetur ta kama matasa a farkon shekarun 1990. Dattawa irin su Peggy Nampijinpa Brown da Johnny Japangardi Miller suka riƙa kwashe yaran zuwa Mount Theo, wani wuri a daji mai nisan kusan kilomita 160, su zauna da su, su koya musu farauta da dokokin ƙasa. Da farko da abin hannunsu suka yi. Shaƙar fetur ta kusa ƙarewa a garin. Babu katanga a Mount Theo. Nisan da kwarjinin dattawan su ne katangar. A Kimberley ma, dattawan ƙabilun Nyikina da Mangala da Karajarri da Walmajarri sun kafa shirin Yiriman, suna tafiyar ƙafa da matasa a ƙasar kakanninsu. A jihar Victoria, tun 2005 akwai kotun yara ta Koori, wato Aborijin ɗin yankin, inda alƙali ke saukowa ya zauna teburi ɗaya da dattawa da yaron da danginsa. Alƙali ne ke yanke hukunci, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa gaban gwaggonsa yana bayanin abin da ya aikata, wanne ya fi zafi.

Wanda ya fi burge ni shi ne garin Bourke a jihar New South Wales, shirin Maranguka da Alistair Ferguson ya jagoranta ƙarƙashin majalisar ƙabilun garin. Su suka zauna da alƙaluman 'yan sanda suka duba me ke kai yaransu kotu. Cikin abin da suka gano har da tuƙi ba lasisi, don babu mai koya musu kuma babu takardun haihuwa. Sai suka buɗe koyar da tuƙi. Suka kuma riƙa zama da 'yan sanda kullum safe a duba wa ke cikin matsala. Kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya auna shekarar 2017: tuhume-tuhume a nau'o'in laifi biyar da aka fi kama yara da su sun ragu da kashi 38 cikin 100.

Kada in yi muku romon baka. Waɗanda yaran nan ke sata wa mota ko fasa wa gida, da yawa 'yan'uwansu ne, kuma akwai dattawan da ke neman a tsananta. Sannan Aborijin ba al'umma ɗaya ba ce. Dattijon ƙabilar Noongar ta Perth ba shi da ta cewa a kan yaron da aka yi wa kaciyar shiga manya a hamada, wanda a garinsu namiji ne cikakke, a nan kuma ana kiransa yaro. Shugaba mai hankali sai ya san daga wace ƙasa kowane yaro ya fito, ya nemi nasa mutanen, ko da ta waya ce. Akwai kuma nauyin da ake jibga wa ma'aikatan Aborijin ƙalilan: shi ne tafinta, shi ne mai sulhu, shi ne mai kai saƙon mutuwa, da yamma ya koma unguwa a ce masa mai kulle 'ya'yanmu. Albashinsa na ƙaramin ma'aikaci, kuma ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara. Ba a daɗewa yake ajiye aikin.

Na ga ana nuna mini agogo. Wata 'yar'uwa ta aiko takarda tana tambaya ko gwamnati ta ɗaura wa kanta wani alkawari. E, Hajiya, ta ɗaura. A yarjejeniyar 2020 da gwamnatocin ƙasar suka sa wa hannu tare da gamayyar ƙungiyoyin Aborijin, an ce kafin 2031 za a rage yawan yaransu da ke tsare da aƙalla kashi 30 cikin 100, kuma za a riƙa miƙa ayyuka ga ƙungiyoyin da al'umma ke gudanarwa da kansu. Sai dai gidajen tsaro da dokar beli a hannun jihohi suke, ba tarayya ba, kuma jihohin da suka sa hannun ne wasunsu suka koma suna tsaurara beli gab da zaɓe. Sauran tambayoyin a riƙe su sai bayan sallah. Wassalamu alaikum.