Aikatau da 'Yan Rakiyarsa a Turancin Yau da Kullum

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Bari mu fara daga gida. Muna cewa ci, muna cewa cinye. Muna cewa sha, muna cewa shanye. Akwai fita, akwai fito, akwai fitar da. Wato Bahaushe in yana son ya nuna an yi abu ƙarƙaf, ko an yi shi zuwa nan, sai ya taɓa wutsiyar aikatau. Shi kuwa Bature sai ya bar aikatau yadda yake, ya ajiye masa wata 'yar kalma a baya: “eat” ci ne, “eat up” cinyewa, “drink” sha ne, “drink up” shanyewa. Wannan haɗin shi ake kira “phrasal verb”. Tun a 1755 Samuel Johnson, wani marubucin Ingila, ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci cewa irin wannan haɗi ya fi komai wahalar da baƙin harshen. Mu dai dabarar ba baƙuwarmu ba ce, wurin ajiye ta ne ya bambanta.

'Yan kalmomin su ne irin “up”, “off”, “on”, “out”, “in”, “at”, “after”, “to”, “with”. Aiki biyu suke yi, kuma daga rashin raba ayyukan nan kurakurai suke tasowa. Don sauƙi, wadda take manne da aikatau tana sauya masa ma'ana zan kira ta 'yar rakiya. Wadda take jan sunan da ke gabanta zan kira ta 'yar jagora, ita ce “preposition”.

Ku saurari jimloli biyu. “He ran up the hill”, ya hau tudu a guje. “He ran up a bill”, ya tara wa kansa bashi. A ido ginin ɗaya ne. Amma a ta farko “up” ta tudu ce, tana nuna inda aka nufa. A ta biyu “up” ta aikatau ce, ita da “ran” sun zama kalma guda, kuma babu gudun da aka yi.

Yaya za ka gane? Cire sunan, ka sa wakilinsa. A ta tudu za ka ce “he ran up it”. A ta bashi dole ka ce “he ran it up”. In wakilin suna ya shiga tsakiya, 'yar rakiya ce. In ya tsaya a ƙarshe, 'yar jagora ce. Ku riƙe wannan gwaji, ya fi haddar shafi goma.

Mu ɗauki kashe fitila. “Turn off the light” daidai ne, “turn the light off” ma daidai ne. Suna yana da zaɓi. Wakilin suna ba shi da shi: “turn it off” kawai, “turn off it” ɓatacce ne. Haka “pick them up”, “put it on”, “call it off”. In kuma karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ya yi tsawo, a kai shi ƙarshe. A ce “turn off the light you left on in the kitchen”, domin in ka jefa “off” can bayan kalma takwas, mai saurare ya riga ya manta abin da take jira.

'Yar jagora kuwa ba ta rabuwa da sunanta. “Look after the children”, kula da yara. “Look after them”. Ba a cewa “look them after”. Haka “listen to it”, “wait for her”, “depend on him”. Kunne ma yana taimakawa: Bature yana danna murya a kan 'yar rakiya, “turn it OFF”, amma yakan wuce 'yar jagora a saɓule, “LISten to it”. Ƙamusun masu koyo da yawa suna sa kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya don nuna cewa ana iya raba su. Yawancinmu muna duba ma'ana mu rufe littafi, ba mu lura da kibiyar ba.

Sai masu ƙafa uku, inda aikatau ya ɗauko 'yar rakiya da 'yar jagora gaba ɗaya: “put up with”, jure wa; “run out of”, abu ya ƙare maka; “catch up with”, cim ma; “look forward to”, ɗokin zuwan abu. Waɗannan a jere suke tafiya, karɓau a ƙarshe: “I can't put up with it”.

A nan zan ɗan daɗe, saboda wasiƙun neman aiki. Mutum ya rubuta wasiƙa mai kyau, sai ya rufe da “I look forward to hear from you”. Kuskure ne, kuma dalilinsa a fili yake. An koya mana cewa bayan “to” aikatau tsurarsa yake zuwa, kamar “I want to go”. To amma “to” iri biyu ce. Ta cikin “look forward to” 'yar jagora ce, suna take nema. Gwada ka gani: “I look forward to the holiday” ya zauna daram, alhali “I want to the holiday” bai zauna ba. Duk gurbin da suna ya iya zama, in aikatau zai shiga sai ya ɗauki “ing”. Saboda haka “I look forward to hearing from you”. Haka “I am used to walking”, “they object to paying”, “he gave up smoking”, “she put off travelling”.

Yanzu ga waɗanda suka yi kaka-gida a Turancinmu na Najeriya, waɗanda kuma masu duba takardun WAEC da NECO suke ja wa layi. Wasu ƙari ne: “discuss about”, “emphasise on”, “request for”, “comprise of”. Aikatan nan ba sa son jagora, kai tsaye suke kama karɓau: “discuss the matter”, “request a loan”. Daga ina ƙarin ya fito? Daga sunayensu, don ana cewa “a discussion about”, “emphasis on”, “a request for”. Sai aka kwaso kayan suna aka ɗora wa aikatau. “Cope up with” kuwa gauraye ne da “keep up with”. Daidai shi ne “cope with”. Wasu kuma ragi ne: “reply my letter” maimakon “reply to my letter”, ko “off the fan”, inda aka yar da aikatau aka bar 'yar rakiya ita kaɗai. Akwai kuma musanya. Mai jawabi ya ce zai “round up”, yana nufin zai kammala. Kammalawa “round off” ce. “Round up” tattarowa ce, irin yadda makiyayi yake tattaro shanu ko 'yan sanda suke kame mutane.

Na san a kasuwa da tasha kowa zai fahimce ka, kuma ba na raina Turancin da muke yi a tsakaninmu. Sai dai takardar jarrabawa da wasiƙar ofis suna da nasu ma'auni, kuma da shi za a auna ka.

Abu biyu a gurguje. In haɗin ya koma suna, ana haɗe shi a rubutu, nauyin murya ya dawo farko: “the car broke down”, amma “a breakdown”. Sannan da yawa daga cikinsu suna da takwara mai kalma ɗaya wadda ta shigo daga Faransanci ko Latin: “put off” da “postpone”, “find out” da “discover”. Ta farko ta fi zama a hira, ta biyu a rahoto.

Game da hadda, kada ka ɗauki “get” ka jero mata haɗi talatin, za su cakuɗe maka. Bi ta 'yar rakiya. “Up” sau da yawa ƙarasawa ce, kamar wutsiyar cinye da shanye: “use up”, “finish up”, “dry up”. “Off” rabuwa ce ko yankewa: “cut off”, “break off”, “call off”. Ba kullum hakan yake fita ba, don “take off” kaɗai tana nufin tuɓe riga, tana nufin tashin jirgi, shi ya sa ba a rubuta haɗi tsirara. Ɗauki biyar a mako. Kowanne ka rubuta shi a jimla biyu, ɗaya da suna, ɗaya da wakilin suna, “fill in the form”, “fill it in”, ka karanta su da ƙarfi har bakinka ya saba da inda “it” take faɗawa. In ka ci karo da “fill out” kada ka ɗauka kuskure ne: ita ce ta fi yawa a Amurka, “fill in” kuma a Ingila.

Shugaban taro, lokacina ya cika. Mai tambaya ya ɗaga hannu.