Taswirar da ta tada min hankali a Holan

Assalamu alaikum mutanen birnin Shehu, ga ni bakin teku a Holan, ku yi haƙuri da ƙarar iska, tana neman ɗauke min hula. Wallahi yau hankalina a tashe yake, wata taswira malaminmu ya haska mana a aji, ta tekunan duniya kaf, inda ɗan Adam bai taɓa sosai ba shuɗi, inda aka yi wa kaca-kaca kuma ja. Wani masani Benjamin Halpern da abokan aikinsa a Kalifoniya suka fitar da ita a 2008. Sun kasa teku gida-gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, sai suka riƙa ɗora ɓarna iri 17 ɗaya kan ɗaya, su kamun kifi, zirga-zirgar manyan jirage, takin zamani da ruwa ke kwasowa daga gonaki, rijiyoyin mai, har ɗumamar ruwan kansa. Da aka tara lissafi babu wurin da ya tsira, kashi 41 cikin 100 kuwa ya ji jiki sosai, abubuwa da yawa sun taru masa lokaci guda.

To wanga ruwa da kuke gani bayana, Tekun Arewa, yana cikin jajayen. Ku duba can nesa, jiragen kwantena ne ke shiga Rotadam, tashar da ta fi kowace girma a Turai. A ido fes yake, ko leda ɗaya ban gani ba, amma a ƙasa jiragen masunta na jan koma mai nauyi tana kankare gindin teku.

Abin da ya fi sosa min rai, titus ɗin nan na ƙanƙara da inna ke aiko yaro saye a kasuwa, da yawansa daga ruwayen nan na arewa ake loda mana shi, su Holan da Nowe. Nan ma ba arha ba, kyafaffe ɗaya yuro biyar na biya, kuma ku yarda da ni ko kusa bai kama ƙafar tarwaɗar Kwalkwalawa da yaji ba, kai na yi kewar gida.

Mu da muke cewa ina ruwan Sakkwato da teku, gulbin Rima fa ta Argungu yake bi ya faɗa Kwara, Kwara ta ratsa Lokoja ta zube a Tekun Atlantika. Kawu, ranka ya daɗe, takin albasar nan na fadama a riƙa sa shi da awo, wanda ruwa ya wanke asarar kuɗinka ce kuma ba a gonarka zai tsaya ba. Ku kuma ƙannena masu shirin zuwa karatu, kar shuɗin ruwan ya ruɗe ku ku ce za ku faɗa kamar a gulbi, sanyinsa na kama ƙashi kuma yana ja, ku tsaya inda aka kafa tuta.