Wa Ya Ce, Kuma Yaushe Ya Ce? Lacca Ga Ɗalibai Kan Tantance Labari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayen da suka samu zuwa, da ku ɗalibai 'ya'yana, barkanmu da wannan rana. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Zan fara da wani dare da iyayenku ba za su manta ba. A ranar 20 ga Yuli, 2014, wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, hankalin ƙasa ya tashi. Ba a cika sati uku ba, sai wayata ta yi ƙara tun kafin kiran assalatu. Gwaggota ce, muryarta tana rawa. Ta ce, "Maza ka tashi iyalinka, a zuba gishiri a ruwan zafi, kowa ya yi wanka ya kuma sha kafin gari ya waye." Na ce, "Gwaggo, wa ya ce?" Ta ce, "An ce." Da na leƙa waje, unguwa duk ta farka. Hayaƙi na tashi ta kan katangu, mata na hura wuta, yara na tsala ihu ana tsoma su a baho. A kwanakin da suka biyo baya, mutane da dama sun kwanta a asibiti saboda gishirin da suka ɗirka, har an rasa rayuka. Ita Ebola kuwa, mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya. Cutar ba ta iso Arewa ba, amma saƙon gishiri a dare ɗaya ya shiga kowane gida.

Ku lura da kyau, gwaggota ba maƙaryaciya ba ce. Ƙauna ce ta hana ta barci. Mafi yawan masu tura ƙarya a waya haka suke, mutanen kirki ne da tsoro ya riga tunaninsu.

Abin da aka gayyace ni in yi magana a kansa shi ne ilimin tantance bayanai da sanin yadda kafafen yaɗa labarai ke aiki. Hukumar UNESCO ta ware masa mako guda duk shekara, daga 24 zuwa 31 ga Oktoba, kuma a 2022 Abuja ce ta karɓi baƙuncin taron duniya a kansa. Ma'anarsa a taƙaice: ka iya neman bayani, ka iya auna shi, ka san wanda ya ƙera shi da abin da yake nema, sannan ka san lokacin da ya dace ka isar da shi.

Kada wani ya ce muku wannan baƙon ilimi ne. Duk wanda ya zauna a Islamiyya a cikinku ya san isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar "an ce". Sai sun ji wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, sannan su bi kowane mai ruwaya su duba: amintacce ne? Yana da kyakkyawar hadda? Ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa? Mutum kan yi tafiyar watanni a kan raƙumi don tabbatar da magana ɗaya. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da yin bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke nan, ku ma kun san dokar da ta hana shaidar zur. Abin da ke damuna shi ne, yaron da zai tambayi malaminsa ko hadisi ingantacce ne, shi ne kuma zai ga saƙon murya a WhatsApp, babu suna babu ranar wata, ya watsa wa mutum 200 kafin ya gama saurara.

To ku ɗauko isnadin nan ku ɗora a kan wayarku. Wa ya ce? Idan ka ga kibiya biyu a saman saƙo, alama ce ya bi hannaye da yawa, asalinsa ya ɓace. Idan an ce BBC Hausa ce ta faɗa, ko Aminiya, tafi shafinsu da kanka, domin manna tambari a kan hoto aikin minti biyu ne.

Sai yaushe, kuma a ina. Nan ne hoto ke cin amanar ido. A rikicin Jihar Filato na watan Yunin 2018, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa daga can ne, binciken BBC daga baya ya nuna cewa daga cikinsu har da wanda ba ma a Najeriya aka ɗauka ba. Hoton na gaske ne, bayanin da aka rataya masa ne ƙarya, kuma mutane sun fusata a kansa. Yau kana iya saka hoto a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa. Akwai kuma masu binciken gaskiyar labari irin su Dubawa da Africa Check, wannan ne aikinsu kullum. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta zo, ana kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. Tun kafin ta yi ƙarfi ma, a Disambar 2018 sai da Shugaba Buhari ya fito a Poland ya ce shi ne ba wani Jibrin na Sudan ba, bayan an yaɗa jita-jitar cewa ya rasu an maye gurbinsa da mai kama da shi.

Tambayar da na fi so ku riƙe ita ce, wa zai amfana idan na yarda? TikTok da Facebook da talla suke samun kuɗi, don haka suna tura maka abin da zai riƙe idonka, kuma ba abin da ke riƙe ido kamar fushi da tsoro. Wanda ya rubuta "don Allah ka tura wa mutum goma" yana da abin da yake nema. Ku ɗalibai ku ne aka fi farauta: tallafin karatu na bogi, ɗaukar aiki na bogi, mai cewa zai ƙara maka makin JAMB. Ku duba adireshin, na gwamnatin Najeriya da gov.ng yake ƙarewa. Lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turo maka kuwa ba a ba kowa. Haka aikin makaranta: idan manhaja ta rubuta maka amsa, koma ga littafi ka gwada ta, tana iya ƙago suna da shekara ba tare da ta yi in-ina ba.

Amma ku kiyaye, tantancewa ba ƙaryata komai ba ce. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin da ya bazu cewa yana hana haihuwa. Zargin ya samu wurin zama ne saboda mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Sai a Yulin 2004 aka koma, a tsakanin nan kuwa cutar ta nakasa yara ta kuma ƙetara iyaka. Ƙin gaskiya yana da nasa farashin, kamar karɓar ƙarya.

A gidaje da yawa, kai ɗalibi kai ne mai karanta wa Baba saƙo, ke ce mai buɗe wa Inna bidiyo. Idan babba ya turo abin da ba daidai ba, kada ka kunyata shi a zauren dangi. Kira shi, ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na duba maganar nan, ga abin da na samu."

Ga aikin gida. Yau da daddare kowa ya zaɓi saƙo ɗaya da aka turo masa, ya bi shi baya-baya: wa ya turo maka, shi kuma wa ya turo masa? Ka rubuta inda igiyar ta tsinke, ka kawo wa malaminka ranar Litinin. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Ke mai farin hijabi a layi na uku, bismillah.