Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan aiken na'ura da bayanin kayan aikinsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Kumasi. Wasiƙar farko daga Asawase ta fito, daga wani matashi mai rubuta manhaja. Ya ce ya haɗa wa yayarsa mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, wanda zai duba kayan da suka rage a shago, ya rubuta rasit, ya kuma tura wa mai saye buƙatar biyan kuɗi. Amma wani lokaci sai a tambaye shi turmi nawa ya rage, ya kama rubuta rasit. Yana tambaya, laifin na'urar ne ko nasa?

To ƙanena, kafin ka ga laifin na'ura, koma ka karanta abin da ka rubuta mata. Wannan ɗan aike ba ya ganin cikin manhajarka ko kaɗan. Abu uku ake miƙa masa game da kowane kayan aiki, wato kowane ɓangaren manhajar da zai iya kira ya yi masa wani aiki, kamar duba saura ko rubuta rasit: sunansa, 'yan layukan da ke bayyana aikinsa, da guraben da za a cike kafin ya tashi. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da wannan hanya a watan Yunin 2023, haka kuma yake a tsarin haɗa irin wannan ɗan aike da kayan aiki, mai suna MCP, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Kamar baƙo ne aka aika cikin Kejetia, shaguna duk a rufe, ba abin da zai bi sai allon ƙofa. In alluna biyu duk sun ce "kaya", wa zai zarge shi in ya ƙwanƙwasa ta hagu?

Yadda za ka gane ko bayaninka ya fita kuwa, ba da ido ba ne, domin kai da ka rubuta ka riga ka san abin da kake nufi. Ka zauna da yayarka, ka tattara saƙonnin da masu saye ke turo mata a WhatsApp, yadda suka zo, da Hausarsu da Turancinsu da Tuwi a cakuɗe. Gaban kowane saƙo ka rubuta kayan aikin da ya kamata a ɗauka. Ka sa har da saƙon da bai buƙaci komai ba, irin su gaisuwa da ban gajiya, ka ga ko ɗan aiken zai iya kame hannunsa. Sai ka ba shi su ɗaya bayan ɗaya, kana duba abin da ya ɗauka da abin da ya cike a guraben. Ka maimaita, don yakan dace yau ya kuskure gobe a kan saƙo guda. In ka gyara bayani, layi ɗaya za ka taɓa, sannan ka sake gwajin tun daga farko. Masana a jami'ar Berkeley ta Amurka ma da irin wannan gwaji suke auna manyan na'urorin.

Guraben nan su na fi jin tsoro, musamman na kuɗi. Wasu hanyoyin biyan kuɗi, kamar Paystack, da pesewa suke lissafi, kuma sun faɗi haka a takardunsu. Tunda pesewa ɗari ne sidi ɗaya, sidi 50 kenan 5000 za a rubuta. In kai bayaninka ya tsaya a "kuɗin kaya" kawai, ɗan aike zai iya sa 50, yayarka ta sayar da atamfa a rabin sidi. Haka lambar waya: da sifili za a fara ko da 233, lambar ƙasar Ghana? Haka kwanan wata: mu rana muke sa wa gaba, Amurkawa wata suke farawa da shi, to 03/04 ɗin nan Maris ne ko Afrilu? Rubuta masa, ka ba shi misali. Kuma ka faɗa masa inda bai kamata ya taɓa kayan aikin ba, ka ce wannan na duba saura ne kawai, ba ya rubuta rasit.

Wata 'yar'uwa daga Aboabo, ɗaliba a jami'ar KNUST, ta ce to ashe sai a yi ta tsawaita bayani? A'a, ƙanwata. Duk bayanan nan ana tura masa su ne tare da kowace tambaya, kuma da yawan rubutu ake cajin kuɗi. A ganina, kayan aiki biyar da kowanne ya san gabansa sun fi ashirin masu kama da juna.

Sai wani malami daga Sabon Zango, yana tambaya ko za a iya cutar mutum ta nan. Ƙwarai kuwa, Malam. A 2025 masu binciken tsaro sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, mai amfani bai gani ba, na'ura kuwa ta karanta ta bi, har ta fitar da sirrin da ke kwamfuta. Saboda haka duk kayan aikin da aka sauko da shi daga intanet, a buɗe bayaninsa a karanta gaba ɗaya, kuma kada a bar ɗan aike ya tura ko sisi sai mai shago ya amince da hannunsa.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.